Katin bashi na naira: ya cancanci shiga aljihunka?

Katin cire kuɗi na ATM abin da ke asusunka kawai yake taɓawa. Katin bashi kuwa, wanda bankunan Najeriya suka fi ba masu albashi, kuɗin banki kake kashewa, ka biya daga baya.

Amfaninsa yana ga wa'adin biya. Idan ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar da aka sa maka, yawanci babu kuɗin ruwa. Matsalar tana cikin "mafi ƙarancin biya", wato ɗan abin da banki ya yarda ka biya duk wata maimakon dukan bashin. A ce ka kashe naira 200,000, ruwan kuma kashi 3 cikin ɗari ne a wata: 6,000 ke nan duk wata, kuma idan mafi ƙarancin kawai kake biya, uwar kuɗin tana nan kusan yadda take. Cire tsabar kuɗi da katin ya fi muni, domin ruwa na fara hawa tun ranar, ga cajin cirewa.

Kafin ka sa hannu, tambayi ruwan wata, kuɗin shekara, tarar jinkiri da ranar rufe lissafi. Jinkirin biya yana shiga rajistar masu bashi irin ta CRC, kuma tsarin GSI da Babban Bankin Najeriya ya kawo a 2020 ya ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusunka ta BVN.

Ga mai gudun riba, sharaɗin ruwan yana cikin yarjejeniyar ko da bai taɓa jinkiri ba. Gara ya tuntuɓi bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJBank. Don cefanen yau da kullum, katin Verve na cire kuɗi ya wadatar.