Tartsatsin Jiki Ko Gurnanin Wayar Ƙasa: Wanne Ke Damun Situdiyonka?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka haɗa situdiyo a ɗakinka lasifikoki ke wani gurnani mara yankewa, sannan jefi-jefi ka ji "tas!" idan ka kai hannu ga makirufo. Tambayarka ita ce, wutar da ke taruwa a jiki ce ko matsalar wayar ƙasa, wato wayar da ke haɗa jikin na'ura da ƙasa don kariya? Daga bayaninka, duka biyun ne suka haɗu maka, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar komai.

Fara da kunne. Matsalar wayar ƙasa ƙara ce mai kauri, murya ɗaya, ko kana ɗakin ko ka fita tana nan. Muryar wutar gidan ce kake ji, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka da Kanada. Ka ɗauki ɗan sautin shiru ka duba a manhajar da ke nuna mitar sauti, za ka ga tsini a kan 50 ko 60, da 'yan rakiyarsa a 100 da 150, ko 120 da 180. Ita kuwa wutar gogayya, wato wadda ke taruwa a jiki, ba ta da wannan haƙurin. Tana zuwa ne bazata, ta yi ƙas-ƙas ko ta buga sau ɗaya ta wuce, kuma kusan kullum bayan wani motsi naka: ka ja kujera a kan kafet, ka tuɓe rigar nailan, ka goga hannu a robar gaban jita.

Tushensu ma ba ɗaya ba ne. Wutar gogayya a jikinka take taruwa, musamman idan iska ta bushe, laima ta yi ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Tana iya kai volt dubbai, amma da zarar ta samu ƙarfe ta sauka, shi ke nan ta ƙare sai an sake tara wata. Gurnanin kuwa daga yadda ka jera kayan yake. A ce kwamfuta tana soket ɗin bango ɗaya, lasifikoki suna wani soket can gefe. Kowanne yana da hanyarsa zuwa ƙasa, ga kuma kebul ɗin sauti ya sake haɗa su ta rigar ƙarfen da ke kewaye da shi. An samu zobe ke nan. Ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin soket biyun, ko da bai kai volt ɗaya ba, ya isa ya tura wuta ta riƙa zagaya zoben, ita ce ke fitowa a lasifika.

Wajen gyara, ta jikin ta fi sauƙi. Ka samu na'urar ƙara laima ka riƙe ɗakin tsakanin kashi 40 zuwa 50, ka ɗauke kafet ɗin roba daga ƙarƙashin kujera, ka fifita tufafin auduga, ka saba taɓa wani ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka taɓa kayan. Kada dai ka wuce gona da iri, domin makirufon kondensa, irin mai saurin kama sauti da aka fi amfani da shi a situdiyo, shi ma yana ƙas-ƙas idan danshi ya yi masa yawa.

Gurnanin ne ke cin lokaci, kuma a nan mutane ke zubar da kuɗi a banza. Kafin ka sayi komai, cire duk abin da ke haɗe, ka bar lasifika kaɗai a kunne. Sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kana sauraro. Kebul ɗin da ka soka gurnani ya dawo, shi ya rufe zoben. In laftof kake amfani da shi, zare cajar ka bar shi a kan batir. Idan ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawonka. Daga nan ka mayar da duk kayan sauti kan soket guda ta hanyar doguwar mahaɗa ɗaya mai kyau. Sau da yawa wannan kaɗai ke kashe maganar. In bai wadatar ba, sauya kebul ɗin RCA da na TS, masu wayar sauti guda ɗaya, zuwa XLR ko TRS, matuƙar na'urorin biyu suna karɓarsu, domin XLR da TRS suna ɗaukar sauti a wayoyi biyu masu kishiyantar juna, ƙarar da ta shiga a hanya sai ta soke kanta a ƙarshe. Abin da ya ƙi wannan, akwatin DI mai maɓallin raba ƙasa (ƙaramar na'ura ce da ake sakawa a tsakiyar layin sauti), ko ƙaramar taransifoma mai raba layin sauti, za su yanke zoben ba tare da an taɓa wutar gida ba.

Akwai shawarar da za ka ji ana yawan bayarwa, wai ka karya ƙafa ta uku ta filogi. Gaskiya ne gurnanin kan ɗauke, amma wannan ƙafar ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tsinke fis ko ta faɗar da birka ranar da wata waya ta taɓa jikin na'ura. Ka cire ta, hanyar da ta rage ita ce hannunka a kan jita ko leɓenka a kan makirufo. A layin sauti ake raba ƙasa, ba a filogi ba.

Wani gwaji zai taimaka maka: idan jita na gurnani amma ta yi shiru da ka dafa tsirkiyoyinta, yawanci lafiyarta ƙalau, jikinka ne ke kwaso ƙarar ɗakin, dafawar ta sauke ta. Idan kuwa ƙarar ƙaruwa take yi da ka taɓa, to a duba wayoyin cikinta. In kuma kana jin ɗan tsikari mai ɗorewa a jikin na'urar ƙarfe, ba bugu ɗaya ba, wannan ba wutar gogayya ba ce. Kashe komai, ka kira ƙwararren mai aikin wuta ya gwada ko soket ɗin ɗakin yana da wayar ƙasa da gaske.