Sharhi kan kundin binciken dabbobi da muka rufe shekarar karatu da shi

Duk mai koyar da 'ya'yansa a gida ya san ƙarshen shekara sai an nemi wani aiki da zai nuna inda yaro ya kai. Mu bana rahoton bincike kan dabba muka zaɓa, kuma na yi amfani da wani kundin takardun aiki da ake saukewa daga intanet a buga. Ya yi mana rana, amma ba kowane shafinsa ne ya cancanci tawadar da ya sha ba.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Yaro zai ɗauki dabba guda ya bi ta shafi bayan shafi: rukuninta, muhallinta, abincinta, yadda take haihuwa da reno, da barazanar da ke kanta. Daga nan ya haɗa bayanan ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban mutanen gida ya gabatar.

Shafin da ya fi burge ni shi ne na tattara bayanai. Akwatunansa 'yan ƙanana ne, kalma biyar ko shida kawai suke ɗauka, don haka babu halin kwafe jimla sukutum daga littafi. Dole yaro ya tauna abin da ya karanta ya fito da ƙwayarsa. A gefen kowane akwati kuma akwai gurbi biyu na rubuta inda aka samo bayanin, kuma ba a yarda da majiya ɗaya ba.

A nan 'yata ta gamu da hawainiya. Ta riga ta rubuta cewa don ɓuya take sauya launi, sai majiya ta biyu ta ce mata akasari don aika sako ga 'yan uwanta ne, musamman idan maza suka yi karo ko ana neman mace, sai kuma don daidaita zafin jiki. Ta goge, ta sake rubutawa, ta sake gogewa har takardar ta kusa hujewa, tana ta ƙunƙunin cewa ai kowa ya san ɓuya take yi. Sai da muka kai ga binciken da masana a Jami'ar Geneva suka fitar a 2015, wanda ya nuna akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a fatar hawainiya, waɗanda idan tazarar tsakaninsu ta sauya sai launi ya sauya, sannan ta sauko. Ranar gabatarwa da wannan batun ta buɗe, kafin ma ta ce kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya a Madagaska suke. Wannan gardamar da ta yi da takarda ita ce ribar shekarar a wurina.

Ƙaninta giwa ya ɗauka. Shafin barazana ya tura mu jerin halittun da ke cikin haɗari, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ke kula da shi tun 1964. Littafin da ke hannunsa ya lissafa giwar Afirka a matsayin nau'i ɗaya, alhali tun 2021 jerin ya raba ta biyu: giwar fili, wadda ke cikin haɗarin ƙarewa, da giwar kurmi, wadda nata haɗarin ya fi tsanani. Tun ranar, kafin ya yarda da littafi sai ya juya ya duba shekarar da aka buga shi. Shi kuwa abin da ya tsaya masa a rai, giwa na ɗaukar ciki kusan wata 22. Duk wanda ya shigo gidan sai ya faɗa masa.

Inda kundin ya gaza, shafukan fenti da ado sun yi yawa, kuma takardar ba da maki ta fifita tsabtar rubutu a kan tunani. Na ajiye ta gefe na yi tawa. Abin da ya fi damuna shi ne babu gurbin da yaro zai rubuta abin da ya gani da idonsa, alhali gani ya kori ji. Sai na ƙara farar takarda: su kalli bidiyon dabbar an kashe murya, su rubuta yadda take tafiya da ci kafin su ji bayanin kowa. Da haka ne yaron ya lura giwa na kaɗa kunnuwa idan rana ta yi zafi, daga baya ya karanta cewa jininta take sanyayawa.

An rubuta a bangon cewa ya dace da kowane ɗan firamare, ni ban yarda ba. Yaron da ke karatu da kansa zai tafi da shi lafiya. Wanda bai kai nan ba, sai uwa ko uba sun karanta masa, ya faɗa da bakinsa a rubuta masa. Idan za ku gwada, ku buga shafukan tattara bayanai, na barazana da na tsara rahoto kawai, ku kuma fara da wuri, domin neman majiya ta biyu ya fi rubutun kansa cin lokaci.