Littattafan E. C. Tubb: Na Kimiyya da Na Kaboyi

Marubucin Ingila E. C. Tubb, wanda ya rayu daga 1919 zuwa 2010, ya rubuta littattafai fiye da 140, amma ƙagaggun labaran kimiyya ne suka ɗaga sunansa. Jerin labaran Dumarest ya fara a 1967 ya kai littattafai 33, inda gogan, mai suna Dumarest, ke yawo duniya-duniya yana neman Duniyarmu ta asali, wadda mutanen zamaninsa suka mayar tatsuniya. Wannan dogon zango ya ba marubucin sararin gina halayen gwarzonsa sannu a hankali. Labaran kaboyi kuwa kaɗan ne, ya rubuta su a shekarun 1950 da sunayen aro, gajeru masu saurin karatu. A ganina, sabon mai karatu ya fi dacewa ya fara da Dumarest.