Faifan garmaho ko sidi, wanne ya fi?

Ni dai gaskiya in ana maganar tsaftar sauti sidi ya yi gaba, babu wannan ƙaras-ƙaras ɗin da allura ke yi in ta hau faifai. Sony da Philips ne suka fito da shi a 1982, ɗan ƙarami amma yana ɗaukar waƙa ta minti 74 zuwa 80 a fuska ɗaya, shi kuwa garmaho bayan kamar minti 22 sai ka tashi ka juya shi, kuma duk sakawa allurar na ɗan cinye shi.

To amma masu garmaho ba sa jin kira, wai sautinsa ya fi kauri da daɗi a kunne, ga ƙaton kwali mai hoto da za ka riƙe kana kallo. Kuma ba su kaɗai ba ne fa, a Amurka a 2022 an sayi garmaho fiye da sidi, karon farko tun 1987.

Matsalar garmaho a nan wajenmu zafi ne da ƙura, ka manta shi cikin mota da rana ya lanƙwashe shikenan, ƙurar hunturu kuma ta cika masa layuka. Sidi in ya yi datti gogewa kawai za ka yi da ƙyalle, sai dai in ya karce sosai ya dinga tsalle.