Takardar da ake aiko wa mace bayan hoton mama a Amurka

A nan Amurka idan mace ta je aka ɗauki hoton mamanta da na'urar mamogiram, ba a sallamarta da "komai lafiya, sai baɗi" kawai. Kafin kwana 30 su cika takarda za ta iso akwatin wasiƙunta da sunanta a kai, cikin harshen da ba sai likita ya fassara mata ba. A takardar akwai wasu layuka da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta wa kowace cibiyar ɗaukar hoto tun ranar 10 ga Satumban 2024: dole a gaya wa mace ko mamanta mai cunkoson nama ne ko a'a. Idan mai cunkoso ne, za a faɗa mata ƙarara cewa hoton na iya kasa ganin sankara a jikinta, kuma haɗarin kamuwarta ya ɗara na wasu. Wato asibiti da hannunsa yake rubuta miki cewa gwajin da ya yi yana da iyaka. 'Yan'uwana mata, wannan gaskiyar ta burge ni fiye da duk na'urorinsu.

Dokar ma mace ce silarta. Nancy Cappello, wata ƙwararriya a harkar ilimi a jihar Konetikat, ta shekara da shekaru tana zuwa hoto ana ce mata lafiya lau. A 2004, makonni kaɗan bayan irin wannan sakamako, likita ta ji wani kauri da hannu, aka yi sikanin, sai ga sankara har ta kai mataki na 3. A lokacin ne ta fara jin cewa mamanta mai cunkoso ne, alhali likitoci sun daɗe da sani. Ta yi ta fafutuka har jiharta ta kafa doka a 2009, jihohi da dama suka bi. Ta rasu a 2018, ba ta ga ranar da dokar ta game ƙasar ba.

Mama ya ƙunshi kitse, da sassan da ke samar da ruwan nono da hanyoyinsa, da zaren nama da ke riƙe su. A hoto kitse yana fitowa da duhu, sauran kuma fari. Matsalar ita ce ƙullutun sankara ma fari yake fitowa. Duk wadda ta taɓa tsince shinkafa 'yar gida ta san baƙar tsakuwa ba ta wahalar gani, farar ce ke kuɓuce wa ido. Inda kitse ya yi yawa, mamogiram na gano sankara sama da 8 cikin 10, amma inda cunkoso ya yi tsanani sai ya sauko zuwa wajen 6 cikin 10.

Likitan da ke karanta hoto yana ba da harafi ɗaya cikin huɗu. Harafin A kusan duk kitse ne, B akwai farin nama jefi-jefi, C farin ya yi yawa har yana iya rufe ƙaramin ƙullutu, D kuwa ya cika fal. C da D su ake kira masu cunkoso, kuma kusan rabin matan da suka haura 40 suna cikinsu, D kaɗai wajen mace 1 cikin 10. Don haka ba ciwo ba ne, halitta ce. Mai D haɗarinta ya kai kusan ninki biyu na matsakaiciyar mace, mai C kuma ƙarin kaɗan ne. Kada a haɗa wannan harafi da lambar sakamakon hoto, wadda ake kira BI-RADS, da ke ƙasan rahoto: 1 da 2 lafiya, 3 a dawo bayan wata shida, 4 da 5 a ɗebi nama a gwada, 0 kuma hoton bai wadatar ba, a sake. Mace na iya samun lamba 1 da harafin D a takarda ɗaya, kuma ita ce ya kamata ta fi yin tambaya.

Duk da takardar, matan nan ma ba su gama fahimta ba. Wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta buga a 2023 ya nuna fiye da 9 cikin 10 na matan da aka tambaya sun ɗauki samun sankara a dangi na kusa a matsayin haɗarin da ya fi cunkoso, alhali cunkoso mai tsanani na iya kamo shi, kuma ya fi shi yawa a cikin jama'a nesa ba kusa ba. Wasu kuma suna zaton girma ko tauri ko tsayuwar mama ake nufi. Ko kusa. Ba a gane shi da ido ko da taɓawa, ko likita ne sai ya ga hoto. An fi samunsa ga masu ƙarancin shekaru, da sirara, da masu shan maganin homon bayan ɗaukewar al'ada, kuma ana gadonsa. Shayarwa na ƙara shi na ɗan lokaci, tsufa na rage shi. Babu wani haɗi ko man shafawa na masu tallar gyaran jiki da ke canza shi.

Abin haushin shi ne inda takardar ta ƙare: ki tuntuɓi likitanki. Daga nan sai wahala. Mamogiram na tantancewa inshora ke biya, ba ki ba da ko sisi, amma sikanin ko MRI (hoton na'urar maganaɗisu) na ƙari ya danganta da jiharki da irin inshorarki, kuma MRI na iya haura dala 1,000. Kwamitin ƙasa mai ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2024 kowace mace ta fara hoto daga shekara 40 zuwa 74, duk shekara biyu, amma game da ƙarin gwaji ga masu cunkoso ya ce hujja ba ta isa ba tukuna. Sai likitoci suka rabu, mace ta tsaya a tsakiya. A Holan kuwa an yi babban gwaji da aka buga a 2019: masu D da aka gayyata MRI, sankarar da ke ɓulla tsakanin hoto da hoto ta ragu da rabi, daga 5 zuwa 2.5 cikin 1,000. Sai dai MRI da sikanin suna yawan nuna abin da ba sankara ba, a yi ta huda mace da allura a banza.

Kuma takardar nan tana zuwa ne cikin tarin takardun kuɗin wuta da talla, mace ta buɗe ta ita kaɗai da daddare bayan ta taso aiki, ba yaya ba maƙwabciya. A gida da tuni an samu mai raka ta asibiti, an samu mai riƙe mata yara. Wannan kam babu inshorar da ke biyansa.

Amma mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mace ta ji ƙullutu ta ɓoye wata da watanni don kunya, ko don ba ya ciwo, ko a ce daji ne ba ya son ƙarfe, a yi ta shafe-shafe da hayaƙi har ya fashe. Shi ya sa mafi yawan masu zuwa asibitocin koyarwa a Najeriya sai ciwon ya kai mataki na 3 ko 4 suke zuwa, da yawansu kuma 'yan shekara 40 da wani abu ne, shekarun da cunkoso ya fi yawa. Allurar ɗibar nama ba ta yaɗa sankara, jinkiri ne ke ba ta dama. Maigida ma, don Allah kuɗin hoto ba almubazzaranci ba ne.

Wadda za ta je hoto, a Kano take ko Zariya ko Yamai, ta zaɓi makon da ya biyo bayan gama al'ada, lokacin mama bai cika zafi ba idan farantin na'urar ya matse shi. Ranar kada ta shafa hoda, mai ko turaren hammata, domin ɓurɓushinsu na fitowa a hoto kamar ɗigon alli da ke rikita likita. Hoto biyu ake ɗauka a kowane gefe, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace har ya kamo hammata. Ta karɓi rubutaccen rahoto da hoton kansa ta adana, domin kwatanta na bana da na baya ne ke tona ƙaramin canji. Ta tambaya: harafina nawa? Idan C ko D ne, ta faɗa wa likita ko uwa, 'yar'uwa ko 'ya ta taɓa yin sankarar mama ko ta ƙwan haihuwa, sannan su tattauna batun sikanin. Shi ma sikanin ba na duba ciki ba ne. Kan na'urar mai miƙaƙƙen baki ake amfani da shi, a hannun wanda ya saba duba mama.

Idan kuwa akwai ƙullutu da hannu ke ji, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi kauri ta lotsa, ko kaluluwa ta fito a hammata, to sakamakon mamogiram mai kyau bai rufe magana ba, musamman ga mai C ko D. A koma wurin likita a nemi sikanin, in ya ga dama a ɗebi nama. Mai shayarwa ma da aka ce nono ne ya daskare, in ƙullutun ya wuce mako biyu bai baje ba, ta je a duba.