Yaya, ga labarin yadda muka kwashe da ruwan Harvey

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta muna nan lafiya, kaya ne kawai suka tafi.

Guguwar da ake kira Harvey ta shigo jihar Texas ta Amurka daren 25 ga Agusta 2017, mu a Houston ba iskar ce ta yi mana ɓarna ba, ruwa ne, kwana huɗu yana zuba kamar da bakin ƙwarya, wasu unguwannin sai da ya haura mita ɗaya, Katsina ba ta samun haka a damina sukutum. A falonmu ya kai gwiwa. Kwana uku muka yi a masallaci, dan masallatai da yawa sun buɗe ƙofa wa kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Da muka koma gida ne na ga abin mamaki. Kin san gidajen nan katako ne, bangon ciki kuma wani allo ne mai farar hoda kamar na silin, a bayansa an cusa abu kamar auduga. In ya sha ruwa shikenan, cikin kwana biyu funfuna ta fara fita baƙi-baƙi ga wari, dole a yanke bangon tun daga ƙasa har wajen ƙugu a fitar. Ni da hannuna na ɗauko kafet yana ɗiga, da katifa, da akwatin atamfofin da Inna ta haɗo wa matata duk sun rine juna, wallahi nan ne hawaye suka zo min. Gidanmu na Ƙofar Ƙaura da ruwa ya shiga ai sharewa muka yi, muka baza tabarmi a rana, bulo ya bushe abinsa.

Kaya kam akwai, fanka manya, injin tsotse danshi, abin rufe hanci, har motoci ke zagayawa suna raba ruwan roba da abinci kyauta. Ma'aikaci ne babu. Kafinta sai ka shiga layi na makonni, kuɗinsa kuma da awa yake lissafawa, babu zancen "a bari sai albashi ya shigo". A gida da tuni birkilan unguwa ya iso da samari biyar, a dama musu fura a yi gayya.

Inshorar ce ta fi ƙona min rai, shekara shida ina biya ashe ta gida daban ta ambaliya daban, ni kuma ba ni da ta biyun, kamfanin suka ce babu ruwansu. Na cike takardar neman tallafin gwamnati ta intanet, mai dubawa ya zo ya ɗauki hotuna, muna jira.

Yanzu muna kwana a ɗakin sama, fankoki na ta ruri a ƙasa dare da rana. Dan Allah ki sa a duba magudanar bayan ɗakin Inna kafin Satumba ta ƙare, ledoji sun toshe ta tun zuwana na ƙarshe, zan turo kuɗin siminti ranar Juma'a in sha Allah.