Tankin yogot: wankin hannu ko wankin zagaye?

Hajiya, kin ce kina haɗa yogot a Gombe da tanki mai cin lita 500, an ba ki shawarar ki koma wankin da ba a kwance komai, wato wankin zagaye, wanda injiniyoyi ke kira CIP, kina tambaya ko ya fi wankin hannu.

Na hannu kin san shi: a kwance bawul da bututu, a sa buroshi, a ɗauraye. Ba ya cin kuɗi, kuma ido na ganin inda hannu ya bi. Sai dai zafin da hannu ke jurewa ba ya narkar da maiƙon madara sosai, kuma ranar da yaranki suka gaji, a yogot za ki ji.

Wankin zagaye kuwa, masana'antun madara ne suka fara shi a shekarun 1950, kamfanonin giya da na lemo ma da shi suke aiki. Famfo ke tura ruwan wanki cikin bututu, ya fesa shi jikin tanki ta wata ƙwallo mai huji-huji. Ana farawa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi na ƙara manna madara a ƙarfe. Sai kostik soda, irin ta masu haɗa sabulu, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a zafin digiri 70 zuwa 80. A ɗauraye, a bi da asid don ya cire farin ɓawon nan da ke kama bango, sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma dole ruwan ya yi gudun mita 1.5 a daƙiƙa. Ƙaramin famfo jiƙa dattin kawai zai yi.

Kafin ki kashe ko sisi, haska cikin tankin da tocila. In alminiyum ne, a bar maganar, kostik cin sa take yi. In ƙarfen da ba ya tsatsa ne amma mai walda ya bar kaushi, ko akwai guntun bututu mai toshewar ƙarshe, nan madara za ta kwanta ta ruɓe. Ga kuɗin janareta da na dafa ruwa.

Ni dai, tanki ɗaya da gajeren bututu, ki zauna a wankin hannu, a riƙa bi da asid lokaci-lokaci. Ranar da kika ƙara tanki na biyu da injin ɗura, ki koma na zagaye. Ko a lokacin, a riƙa cire robobin bawul ana dubawa, kuma mai taɓa kostik ya sa safar hannu da tabarau.